Daga Jamus: Abin da Ke Hargitsa Takarda Idan Ta Sauya Kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibai da masu buga takardu da ke aiko da rubutu nan Turai na yawan kukan cewa abin da suka tsara tsaf yana isowa a birkice. Ga yadda lamarin yake.

A nan ba Word kaɗai ake amfani da shi ba. Kamfanoni galibi suna biyan kuɗin Microsoft 365 duk shekara, ɗalibai da yawa na riƙe da Mac, kwamfutar kamfanin Apple, mai manhajar rubutu ta Pages, wasu ma'aikatu kuma sun koma LibreOffice, wadda kyauta ce. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta nan Jamus ta sanar da cewa za ta mayar da kwamfutocinta kusan 30,000 kan LibreOffice, Birtaniya kuwa tun 2014 gwamnatinta ta zaɓi ODF, tsarin fayil ɗin da LibreOffice ke amfani da shi, don musayar takardu. Kowace manhaja da irin fayil ɗinta: Word na ajiye .docx tun 2007, LibreOffice .odt, Pages kuma .pages, wanda Word ba ya buɗewa sam. Mai Mac sai ya fitar da kwafin .docx kafin ya aika.

Ban da wannan, buɗewa ba ita ce matsalar ba. Ɓarnar daga salon haruffa take. Fayil ɗin yakan ɗauki sunan salon ne kawai, ba salon kansa ba. Idan ka rubuta da Calibri, ko Aptos da Microsoft ta maye gurbinsa da shi a 2023, kwamfutar da ba ta da shi za ta ari wani mai faɗi daban. Layi ya ƙaru, kan babi ya sauko tsakiyar shafi, tebur ya rabu biyu. Magani biyu ne. Ko ka zaɓi Times New Roman ko Arial, waɗanda Liberation Serif da Liberation Sans na LibreOffice ke daidai da su a faɗin kowane harafi, ko mai karɓa ya girka Carlito a madadin Calibri. Word na da zaɓin cusa salon cikin fayil a sashen adanawa, sai dai ba kowace manhaja ke kula shi ba.

Girman takarda ma na yin irin wannan. Turai A4 take amfani da ita, milimita 210 da 297, Amurka kuwa tata 216 da 279 ce. Word da yawa na zuwa a saite da ta Amurka, a duba kafin a fara rubutu. Wanda ya tura rubutu sabon shafi da danna Enter sau goma, ko ya jera lambobi da tazara maimakon tebur, shi ya fi shan wahala. A sa umarnin raba shafi.

Haruffa masu lanƙwasa sun fi ban haushi. Tsoffin salon haruffan Hausa na kwamfuta sukan ɗora ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu haruffa, shi ya sa a wata kwamfutar suke komawa q ko wata alama. Gyaransu ta hanyar nema da sauyawa ne, sau shida, manya daban ƙanana daban, ana sa na Unicode, tsarin haruffa na bai ɗaya da kwamfutoci ke ganewa. A bi ɗaya bayan ɗaya, don kada sunan baƙo mai q na gaske ya lalace. Idan rubutu zalla za a ajiye, a zaɓi tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba haruffan su zama alamar tambaya, kuma ba sa dawowa.

A ganina tambayar farko ita ce: mai karɓa gyara zai yi ko karantawa? Idan karatu ne ko bugawa, a aika PDF, domin yana tafiya da salonsa da shafukansa. Shagunan buga takardu da jami'o'in nan galibi shi suke nema. Idan gyara ne, a aika .docx, a riƙe kwafin asali guda. Zirga-zirga tsakanin Word da Google Docs da LibreOffice na cinye akwatunan rubutu da lambobin shafi kaɗan-kaɗan.

Idan a filash za a kai fayil ɗin, a tsara ta da exFAT, ɗaya daga cikin tsarin ajiyar filash, ba NTFS ko FAT32 ba. Mac na karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai, FAT32 kuwa ba ta karɓar fayil da ya wuce gigabait 4.