Wata takwas a kulob ɗin Toastmasters: abin da na gani

Aikina yana sa ni tsayawa gaban mutane in yi bayani sau biyu ko uku a wata, kuma na daɗe ina fama da matsala guda. Ko na san batun ciki da waje, da zarar idanu sun dawo kaina sai maƙogwaro ya bushe, in riƙa zuba magana da sauri kamar ana kora ta. Na kalli bidiyon koyar da jawabi har na gaji, ba abin da ya sauya. Shi ya sa na shiga kulob ɗin Toastmasters, ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a, yau wata takwas ke nan.

Ƙungiyar ta daɗe. Ralph Smedley ne ya kafa ta a 1924 a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya a Amurka, yanzu kuma tana da rassa a ƙasashe sama da 140. Babu malami a zaman. Membobi ne ke raba ayyuka a tsakaninsu: wannan ya jagoranci taro, wancan ya riƙe agogo, wani ya saurari jawabinka ya tashi ya yi maka sharhi na minti 2 zuwa 3.

Jawabin farko minti 4 zuwa 6 ne, kuma a kan kanka za ka yi shi, don kada ka ce ba ka san batun ba. Yawancin na gaba minti 5 zuwa 7 ne. Mai agogo yana ɗaga koren kati a minti 5, rawaya a 6, ja a 7. Da farko na ɗauka takura ce kawai. Daga baya na gane cewa ganin rawayar nan ne ya koya mini tace magana tun a gida, in zubar da duk abin da ba zai amfani mai sauraro ba.

Amma wanda ya fi yi mini tasiri shi ne mai ƙirga kalmomin cike gurbi. Aikinsa ke nan, ya zauna da takarda yana lissafa duk “eh”, “am” da “wato” da suka fito daga bakinka. A jawabina na biyu ya ce ya ƙirga mini 23 cikin minti 6. Wallahi ban san ina yi ba. Wata dattijuwa a cikinmu ta ja ni gefe bayan an tashi, ta ce duk lokacin da na ji kalmar na tahowa in rufe baki in ja numfashi. Shirun daƙiƙa biyu yana yi wa mai magana tsawo ƙwarai, alhali mai sauraro hutu yake samu ya haɗiye abin da aka faɗa. Sai da na yi wata uku kafin jikina ya yarda da hakan, kuma saurin maganar da ya dame ni shekara da shekaru tare da waɗannan kalmomi ya tafi.

Akwai kuma zagayen tambayar ba-zata, inda ake jefo maka tambaya ka amsa nan take cikin minti 1 zuwa 2. Har yanzu gabana na faɗuwa idan an kira sunana, sai dai na koyi fara amsa da ra'ayina kai tsaye, in kawo dalili ɗaya da misali ɗaya, in zauna.

Wanda yake son ya ƙware cikin mako biyu saboda wani taro da ke gabansa, wannan ba hanyarsa ba ce, gara ya nemi mai horarwa su zauna su biyu. Nan sai da zuwa a kai a kai, ana kuma biyan kuɗin zama memba. Tunda 'yan'uwanka masu koyo ne ke yi maka sharhi, kowane kulob da irin mutanensa, don haka ina ba da shawara mutum ya fara zuwa a matsayin baƙo ya ga yadda suke gyara wa juna, ko suna faɗin gaskiya cikin mutunci.

A makon jiya na gabatar da rahoto a wurin aiki na minti 10 ba tare da na riƙe takarda ba. Da na zo tsakiya wani adadi ya ɓace mini, na yi shiru, na dubi mutanen, ya dawo, na ci gaba. Na riga na sabunta rajistata ta wata shida masu zuwa.