Digirin tattalin arziki a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi: wa ya dace da shi?

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana ba da digirin tattalin arziki na shekara huɗu ga wanda ya shigo ta JAMB, uku ga mai shiga aji biyu kai tsaye. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da tattalin arziki. A JAMB ma sai an haɗa da lissafi, kuma nan ne wasu ke fara tuntuɓe, domin sun ɗauka kwas ne na haddace bayani kamar gwamnati ko tarihi.

Ajin farko da sauƙi: buƙata da wadatar kaya, farashi, kuɗin shigar ƙasa. Daga aji biyu lissafi ke kankama, ga aljebra ga kalkulas ga ƙididdiga. A aji uku ikonometriks ke shigowa, wato auna dangantakar abubuwa da alƙaluma, misali yadda tsadar taki ke taɓa farashin buhun shinkafa. Wanda ya tsallake ƙididdigar aji biyu da hadda, a nan asirinsa ke tonuwa, tunda kowane darasi a kan na baya aka ɗora shi. Faɗuwa a kwas mai nauyin maki uku tana jan sakamako ƙasa ƙwarai, ga shi matakin 2:1, wato babban rukuni na biyu na sakamakon digiri, yana farawa ne daga 3.50 cikin 5.00.

Manhajar kusan ɗaya ce da ta jami'o'in Gusau ko Sakkwato, domin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ke tsara kashi 70 cikin ɗari. Abin da Kebbi ta fi da shi shi ne abin nazari a bakin ƙofa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. Ga fadamun Argungu da Suru, ga injinan casar shinkafa, ga cinikin kan iyaka a Kamba. Ɗalibin da ya bi manoma ɗari da takardar tambayoyi kan bashi da amfanin gona ya fi wanda ya kwafo furojet, wato binciken kammala digiri, kan hauhawar farashi abin faɗa a gaban masu ɗaukar aiki.

Raunin digirin, a ko'ina aka yi shi a Najeriya, shi ne takarda ta fi kwamfuta yawa. Nemi ƙaramar kwamfuta tun aji biyu, ka iya Excel sosai, sannan EViews ko Stata na nazarin alƙaluma, ka riƙa sauko da alƙaluman Babban Banki da na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kyauta ne.

Bayan bautar ƙasa, bankunan kasuwanci sukan nemi aƙalla 2:2, wasu 2:1, kuma suna sa iyakar shekaru, don haka maimaita aji asara biyu ce. Ana samun gurbi a ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, da hukumar tara haraji ta jiha, da ƙungiyoyin agaji masu neman jami'in sa ido da tantance ayyuka. Koyarwa a jami'a galibi sai da digiri na biyu. Mai sha'awar aikin akanta ya fara jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, domin wannan digiri shi kaɗai ba ya mayar da mutum akanta.

Ga wanda lissafi ke ba shi tsoro, shawararmu ya duba kimiyyar siyasa ko nazarin zamantakewa tun kafin ya cike fom ɗin JAMB.