Shagon kwamfuta da ba ya son tambayar mai saye

Shagon yana ɗaya daga cikin manyan shagunan kwamfuta na birnin Kano, kayansa jere cikin gilashi gwanin sha'awa, amma yadda ake karɓar mai saye a wurin bai dace da tsadar kayan ba ko kaɗan. Na je ne domin in saya wa 'yata laftof ta hannu, saboda ta fara karatu a Jami'ar Bayero. Na yi sallama, yaron shago ya amsa ba tare da ya ɗaga kai daga wayarsa ba.

Da na nuna wata HP EliteBook na tambayi zubinta, sai ya ce, "Malam, Core i5 ce, ai ga shi a jiki." Wannan ba amsa ba ce, domin Core i5, wato nau'in injin cikin kwamfuta na kamfanin Intel, zubi-zubi ce, akwai tsohon fitowa akwai sabo, kuma bambancin yana da girma: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Wanda ya sayi zubi na 6 cikin rashin sani ya kashe kuɗinsa a kan kwamfutar da zamani ya riga ya bari a baya.

Na roƙi a kunna ta in duba ƙarfin batir, in gwada madannai, in ga ko allon yana da tabo, aka ce sai na biya tukuna. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar garanti. Mai shagon da kansa ya ce sati biyu ne, amma da na nemi a rubuta a rasiti tare da lambar jikin kwamfutar, sai ya haɗe fuska ya ce, "Alhaji, ba ka yarda da mu ba ke nan?" Ba maganar rashin yarda ba ce, addini ma ya koyar da rubuta yarjejeniya, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar duba kaya kafin ya biya.

Na fita ban saya ba. A wani ƙaramin shago a titin Beirut aka kunna mini irinta, zubi na 8, aka nuna mini lafiyar batirinta, aka kuma rubuta garantin a rasiti kafin in tura kuɗi.