Nest Hub da Echo Show a Sakkwato: inda suka fi waya da inda suka gaza

Waɗannan ƙananan alluna da ake ajiyewa kan tebur, Nest Hub na Google mai inci 7 da Echo Show 8 na Amazon mai inci 8, ba za su maye gurbin wayar hannu ba. Amma a falo ko shago suna da aikin da suka fi waya iyawa. Sautinsu ya fi na waya kauri sosai, karatun Alƙur'ani ko tafsiri ya kan cika ɗaki ba sai an haɗa sifika ba. Kuma allon yana tsaye wuri guda, mutum biyar za su kalla tare ba wanda ya riƙe komai.

Babbar matsalar ita ce wuta. Ba su da batir ko kaɗan. Da an ɗauke wuta sun mutu, in an dawo da ita sai sun sake tashi sun nemi intanet. Cinsu dai kaɗan ne: cajar Nest Hub wat 15 ce, ta Echo Show 8 wat 30, don haka ƙaramar sola da inbata za ta riƙe su dare da rana. Kada a yi tunanin fawa bank na waya zai yi, bakin cajarsu zagaye ne, kuma ƙarfin da suke buƙata ya wuce bolt 5 na USB. Waɗanda aka shigo da su daga Amurka suna zuwa da filogi mai ƙafa biyu, sai an sayi adafta kafin su shiga soket ɗinmu.

Ba su da ramin SIM, dole sai Wi-Fi, wato rauta ko MiFi. Kuma ba za a iya saita Nest Hub ba sai da manhajar Google Home a waya.

Zafi ma abin kula ne. Amazon ta ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin da Echo zai yi aiki a ciki, alhali a Afrilu da Mayu Sakkwato tana wuce 40. A nisanta shi da taga da rufin kwano, a kuma riƙa goge ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle mai laushi.

Abin da ya fi ciwo shi ne harshe. Alexa na Echo Show da Google Assistant na Nest Hub, wato manhajojin da ke karɓar umarnin murya a cikinsu, ba sa jin Hausa, ga shi dattijon da aka fi so a saya wa na'urar shi ne ba zai ba ta umarni da Turanci ba. Babu WhatsApp, babu manhajar banki. Mai son YouTube ya ɗauki Nest Hub, yana ciki kai tsaye, sai dai ba shi da kyamara. Mai son kiran bidiyo ya ɗauki Echo Show, amma wanda za a kira ta Alexa ma sai yana da manhajar Alexa ko nasa Echo Show. Gidan da babu sola da rauta, gara kuɗin su tafi kan waya mai babban allo.