Diwanin Khansa'u bugun Beirut: ra'ayin malamar aji

Malamai 'yan'uwana sun sha tambayata wane bugu na diwanin Khansa'u, wato kundin waƙoƙin mawaƙiyar nan Balarabiya, ya dace da ɗalibi. Wanda na saya wa 'yan ajina shi ne ƙaramin nan bugun Beirut mai bangon kwali, a wurin masu littattafan Larabci a Kasuwar Kurmi, Kano, kuma yanzu mun yi zango guda muna karatu da shi.

Babban alherinsa wasulla. Kusan kowane baiti an yi masa cikakken wasali, rubutun kuma manya ne, ba ya wahalar da ido. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin waƙoƙin Tumadiru 'yar Amru (ainihin sunan Khansa'u ke nan) da murya aka yi su, makoki ne na mace a gaban jama'a. Sai an rera su ake jin nauyinsu. Ranar da muka karanta waƙar nan mai ƙafiyar sinun (baitocinta da harafin sinun suke ƙarewa), inda take cewa fitowar rana na tuna mata da ɗan'uwanta Sakhru, tana kuma tuna shi duk faɗuwar rana, wata ɗaliba da ta rasa yayanta bara ta kasa ƙarasa baitin. Na bar ta ta zauna, wata ta ɗauka. Haka waƙar nan mai ƙafiyar ra'un, mai baitin da ta kamanta shi da dutse mai wuta a kansa wanda masu ja-gora ke bi, yara sun haddace ta cikin sauƙi saboda ba sa tsayawa lalubar i'irabi.

Inda littafin ya gaza shi ne tarihi. Gabatarwar gajera ce ƙwarai, an kuma jera waƙoƙin bisa haruffan ƙafiya, don haka ɗalibi ba ya gane wace ta riga wace. Ni na zauna na ba su labarin da kaina: ita 'yar Banu Sulaim ce ta ƙasar Najadu, Banu Murra suka kashe shaƙiƙinta Mu'awiya, Sakhru, wanda uba kawai suka haɗa, ya ɗaukar masa fansa, daga baya aka soke shi a wani hari kan Banu Asad, ya yi jinya wajen shekara guda kafin ya cika. Mai karatu zai yi mamakin yadda mafi yawan kukan nata na Sakhru ne. Masu tarihi sun ruwaito cewa shi ke raba dukiyarsa biyu ya ba ta duk lokacin da mijinta ya salwantar da abin hannunsu. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka yabon kyautarsa da take ta maimaitawa al'adar mawaƙa ce kawai, alhali mace ce ke faɗin abin da aka yi mata. Wannan ya kamata a ce yana shafin farko. Zuwanta kasuwar Ukaz gaban mawaƙi Nabiga mai alƙalancin waƙoƙi da musuluntarta tare da mutanenta duk layi biyu-biyu aka ba su.

Sharhin ƙasan shafi ma'anar kalmomi kawai yake bayarwa, bai ambaci bahari ba, wato ma'aunin waƙa, sai da na rubuta musu sunayen baharin, basiɗi da wafiri, a gefe. Ɗaurin ma danƙo ne, kwafi biyu sun fara zubar da shafuka, gara a kai a ɗinke tun da wuri.

Duk da haka ina ba da shawarar a saye shi, musamman makarantun mata. Mun haɗa shi da marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa Muhammadu Bello, 'yan ajin suka yi ta muhawara kan bambancin kukan wadda ke neman fansa da wadda ke roƙa wa mamaci rahama. Mai karatu shi kaɗai a gida kuwa ya nemi bugun da ke ɗauke da sharhin Sa'alabu, malamin nahawu na zamanin da.