Ma'aunin kalifa mai batir: ya isa auna daidaiton jiki?

Ɗaliban lafiya a Idi-Araba ta Legas da ke bincike kan daidaiton dama da hagu na jiki za su iya sayen kalifa, wato ma'auni mai muƙamuƙi biyu da ake sa abu a tsakaninsu a auna faɗinsa, mai tsawon milimita 150, irin na makanikai. Ya yi, amma da sharaɗi.

Tushen binciken shi ne, lahanin ƙwayoyin gado, ciwo da yunwa tun daga ciki suna hana jiki girma daidai, har ƙwaƙwalwa ma ta taɓu. Wani mai bincike, Furlow, da abokan aikinsa sun ba da rahoton alaƙar daidaiton jiki da basira a 1997. Da Banks da nasa abokan suka tattara binciken a 2010, alaƙar ta tsaya tsakanin 0.12 da 0.20 a sikelin da 1 ke nufin cikakkiyar alaƙa, wato 'yar kaɗan ce. Duk wanda ya ce zai gane kaifin kan yaro daga kunnuwansa, cika baki yake yi.

Bambancin da ake nema ƙanƙane ne. Kunne mai tsawon milimita 60, kashi ɗaya cikin ɗari nasa milimita 0.6 ne kacal. Nan kalifa na roba ya faɗi: kuskurensa kan kai milimita 0.2, ga muƙamuƙinsa yana lanƙwasa. A sayi na ƙarfe mai nuna 0.01. Na kamfanin Mitutoyo ya fi, sai dai jabunsa ya yi yawa. A rufe bakin a ɗaga wa haske, in haske ya ratsa, a ajiye.

Babban kuskuren ma daga hannu yake. Nama yana lotsawa, matsi kaɗan ya cinye bambancin. A auna kunne, wuyan hannu, idon sawu da yatsu sau biyu, mutum ɗaya ya yi duka, kada ya duba lambar farko kafin ya sake. Sai a raba bambancin dama da hagu da matsakaicinsu. Wanda ya taɓa karaya, a tsallake wannan gaɓar. A gwiwar hannun mai ƙiba kuwa muƙamuƙin milimita 40 ya yi gajarta.

Damshin Legas na rikita kalifa: gumi ya taɓa sandarsa, lambobi su fara tsalle. A goge da busasshen ƙyalle, a mayar da shi sifili kafin kowane mutum. Masu araha suna shan batir ko a kashe, don haka a cire shi bayan aiki, kuma batir samfurin SR44 ya fi LR44 daɗewa. Tsinin bakin yana da kaifi. A kula da kunnen yara.