Na haihu a wata kilinik da sugan ciki: ungozomarsu ta fidda ni, lissafinsu ya ɓata mini rai

Yau kwana hamsin da haihuwata. Na gama wanka, hankalina ya dawo jikina, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani a kilinik ɗin da na yi awo kuma na sauka. Ba zan kama suna ba, ɗaya ce dai daga asibitocin kuɗi na cikin garin Zinder, kuɗin ganin likita da na ɗaki kuwa duk wadda ta taɓa leƙawa irin waɗannan wurare ta san su. Da a makon suna aka tambaye ni, da cewa zan yi kowa ta je ido rufe. Yanzu da na zauna ina tuna abubuwa ɗaya bayan ɗaya, bakina ya ɗan yi nauyi.

Wannan ne cikina na uku. Biyun farko ban san wani abu wai shi suga ba. A sati na 26 babbar ungozomarsu, wadda kowa ke kira Madam, ta dubi shekaruna 34, ta dubi jikina, ta ji cewa mahaifiyata na shan maganin suga, sai ta tura ni awo. Na zo da sassafe ban ci komai ba, aka ɗibi jini, aka ba ni ruwa mai giram 75 na suga, zaƙinsa har tashin zuciya, aka sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Nawa ya nuna 0,97 da 1,88 da 1,49. Madam ta ce iyakar ita ce 0,92 da 1,80 da 1,53, kuma ko guda ɗaya mace ta kai, magana ta tabbata. Ni biyu na tsallake. Na fashe da kuka a ofishinta, ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ƙanwata, share hawayenki. Mabiyiya ce ke fitar da wasu sinadarai da ke hana insulin ɗin jikinki aiki yadda ya kamata. Yawancin mata in mabiyiya ta faɗo, sugan ya bi ta."

Abin da ya sa na ƙaunaci matar nan shi ne ba ta miƙo mini takardar abincin Turawa da ba a samu a kasuwar Dole ba. Tambayata ta yi me nake ci daga safe zuwa dare. Da na ambaci kunu da burodi da safe, fura da rana, sai ta yi dariya ta ce in sayi na'urar awo in gani da idona. Kafin karyawa kada ya wuce 0,95, awa biyu bayan abinci kada ya wuce 1,20. Na'urar tawa 95 da 120 take rubutawa, abu guda ne. Ranar da na sha fura da suga na ga 171, ban ƙara musu ba. Na koma ƙwai da wake da safe, malmalar tuwo ɗaya da miya mai yawa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, salati da kabejin Mirya, nono ba suga, da ɗan zagaya tsakar gida bayan kowane abinci. Ga shi lokacin mangwaro ne. Wata rana aka kawo mini alkakin biki, na sa shi gaba ina kallo kamar mayya, na ƙarshe na miƙa wa yara.

Duk da haka awon safe ya ƙi sauka, 101, 104, 99, har a sati na 33 aka sa ni allurar insulin ta dare. Ita Madam ɗin ce ta koya mini in wuta ta ɗauke firiji ya huce, in sa kwalbar cikin leda in kafa ta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, tunda zafin watan Afrilu na lalata ta.

To, ga inda abin ya fara karkacewa. A sati na 38 aka yi mini eko, wato hoton ciki, aka ce yaro ya kai kilo 4 da giram 100. Na shiga wajen likita da takardar. Wallahi ban yi minti biyar a ɗakin ba. Bai ɗaga kai ya dube ni ba, yana rubutu ya ce, "Talata ki zo da kayanki, za mu tayar da naƙuda." Na ce, "Likita, don me? Biyu na haifa da kaina, lokacinsu na yi suka zo." Sai ya rufe karnena, wato littafin awona, ya turo mini, ya ce, "In kina son ki ɗauki ɗanki da rai, ki yi abin da aka ce miki." Ya danna ƙararrawa a shigo da ta gaba.

Na fito ƙafafuna ba sa ɗaukata. A cikin adaidaita har gida ina dafe da ciki ina jiran in ji motsi. Mace mai ciki wata tara, ka jefa mata maganar mutuwar ɗa, ka kuma ƙi gaya mata dalili, wannan wane irin aiki ne? Ko mai sayar da atamfa in ka tambaye shi yakan warware maka turmi ka gani.

A gida kuma wata sabuwa. Uwar mijina ta ce atafau. "Ɗan da bai nuna ba za a tsinko shi? Tara na haifa, babu lokotoron da ya taɓa sa mini rana. Ɗiyata, kowane ɗa da ranar da Allah Ya rubuta masa." Maƙwabta suka shigo kowa da labarinta: wance an sa mata ruwan naƙuda ta ƙare a ɗakin fiɗa, asibitin kuɗi fiɗar suke nema don nan ribar take, alhali tun 2005 gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce a asibitocinta. Wata ta ce in tattara in koma cibiyar uwa da yaro, wata ta aiko da rubutu. Maigida yana tsakiya, in ya dubi Inna ya ce gaskiya ne, in ya dube ni ya ce yadda kika gani. Kwana biyu ban yi barci ba, kuma na ƙudurta a raina ba zan koma ba. Likitan nan saura kaɗan ya sa in zauna gida, ba don shawararsa ba daidai ba ce, sai don yadda ya faɗe ta.

Ranar Asabar na koma don kawai in karɓi takarduna, sai na yi kiciɓis da Madam a baranda. Kallo ɗaya ta yi mini ta jawo ni ciki. Da ta ji Inna na waje, ta ce a shigo da ita, ta ba ta kujera, ta durƙusa ta gaishe ta. Sannan ta juya bayan karne ta kama zane. Ta ce sugan da ya yi yawa a jinina yana bin cibiya ya shiga jikin yaro, shi kuma ya yi ta fitar da nasa insulin, sai ya tara kitse, musamman a ciki da kafaɗu. "Inna, ba girman kai muke tsoro ba. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale, wannan minti kaɗan ke gare mu." Inna ta yi shiru, don ashe ta taɓa ganin irin haka ga ɗiyar ƙanwarta a ƙauye, hannun yaron har yau ba ya ɗaguwa sosai.

Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce awon eko ba sikeli ba ne, yana iya kuskure da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, wato yaron da aka ce kilo 4 yana iya zama ƙasa ko sama da kusan rabin kilo. Ta ce da abinci kaɗai ya riƙe mini sugan kuma awona na kyau, da babu gaggawa, sai a bar ni har sati 40 ana dubawa. Amma ni ina kan insulin, awon safe na ta leƙa sama, ga cikin yaro ya yi faɗi, irina an fi so a sauke su wajen sati 39. Ta tambaye ni ko an taɓa yi mini fiɗa, na ce a'a, ta ce to ƙwayar buɗe mahaifa ba ta da matsala gare ni, don mai tabon fiɗa ba a ba ta. Ta duba ni ta ce bakin mahaifa ya yi laushi har ya fara buɗewa, ga ni na taɓa haihuwa sau biyu, saboda haka tana kyautata zaton zan haihu da kaina, amma ba ta yi mini alkawari ba. Ita da kanta ta je ta samu likita aka ɗaga ranar daga Talata zuwa cikar sati 39, da sharaɗin in zo sau biyu a saurari bugun zuciyar yaro, in kuma motsi ya ragu in taho ko tsakar dare ne. Minti arba'in ta ba mu, ba a karɓi ko dala ba. A hanya Inna ce da bakinta ta ce, "Wannan ta san aikinta."

Ranar da aka sa, saurayin da ke teburin karɓar baƙi ya riga ya gaya mini in zo ban ci komai ba. Ni kuwa na yi allurata ta dare. Muka iso ƙarfe 7, aka ce ɗaki bai samu ba, aka ce likita na hanya, muka yi ta zama a benci har kusan azahar. Sai gumi ya keto mini, hannuna na rawa, idona na ganin duhu. Na ciro na'urata na auna, 62. Maigida ya ruga wajen mai shayi ya karɓo suga, ni da na yi wata uku ina gudunsa, na tauna ƙwaya uku a gaban mutane. Da Madam ta ji, faɗa ta yi sosai, ta ce wa ya ce mai insulin ta zauna da yunwa don za a tayar da naƙuda? Saurayin ya ce shi haka yake gaya wa kowa.

Naƙudar kanta ba zan ja ta ba. An fara da ƙwayar buɗe mahaifar nan, misoprostol, ƴar mitsitsiya, bayan isha aka ɗaura ruwan naƙuda. Ta fi biyun farko zafi, ba ta ba ni hutu tsakani, amma ƙarfe 3 saura na dare na haifi namiji da kaina, kilo 3 da giram 850, kafaɗa ba ta tsaya ba. Alhamdu lillahi.

Abin da har yanzu in na tuna nake jin zuciyata na tafasa shi ne abin da ya biyo baya. Madam ta tashi aiki tun dare, amma ta riga ta ja mini kunne cewa ɗan mai suga in an yanke cibiya, sugan uwa ya daina zuwa, nasa insulin kuma yana nan da yawa, sai sugansa ya faɗi, don haka a sa shi nono nan da nan a kuma auna shi. Wajen ƙarfe 5 na ga hannuwan yaro na karkarwa, ya ƙi kama nono da ƙarfi. Na kira yarinyar da ke gadi na ce a auna shi. Ta kawo na'ura, ta buɗe gwangwanin bandalet, ƴan siraran takardun nan da ake ɗiga wa jini, wayam. Sabon kwali yana kulle a kabad, makulli yana wajen mai kula da kaya, shi kuma yana gidansa yana barci. Kilinik ɗin da ta san tun wata uku cewa mai suga za ta haihu a cikinta, ita ta sa ranar da hannunta! Aka tura maigida farmasin da ke gadi da asubar fari, ya dawo hannu rabbana, babu irin na na'urarsu.

Tawa na ciro daga jaka, saura bandalet uku. Aka soki dugadugin yaro, 40. Yarinyar, in faɗi gaskiya, ba ta ruɗe ba, ta kira likita a waya, ta ce in matso dakashi. Inna da ta zo da dabino da niyyar a fara lasa masa, wadda a zamaninsu zubar da dakashi ake yi wai datti ne, ita ce ta riƙe cokali ina matsowa tana ɗura masa kaɗan-kaɗan tana addu'a. Aka kwantar mini da shi a ƙirji aka lulluɓe mu. Awo na biyu 55, na uku 61, sannan na iya rufe ido. Na sha tambayar kaina, da ni ma tawa ta ƙare fa? Da wata ce da ba a gaya mata ta lura da karkarwar ba?

Ranar sallama aka kawo takardar lissafi, sai ga awon sugan jariri sau uku an rubuta, kowanne da kuɗinsa. Da na'urata, da bandalet ɗina. Na ce wa mai karɓar kuɗi ya nuna mini kayansu da aka yi aiki da su, ya ce kuɗin aikin hannu ne. Muka yi ta ja, da ƙyar ya soke ɗaya ya bar biyu. Maigida ya ce, "Ki bar shi, tunda kun fito lafiya ke da yaro." Shi ya bari, ni ban bari ba.

Madam ta rubuta mini a karne da jan biro cewa in koma awon giram 75 tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, domin wadda ta yi sugan ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da na dindindin daga baya. Ta kuma ce kunun kanwar jego a dama mini ba suga, Inna ta bi wannan sau da ƙafa har arba'in. Alhamis mai zuwa zan je awon, amma a wani ɗakin awo dabam zan yi shi, in sakamako ya fito in kai wa Madam a ranar da na san tana aiki.